Daga Tsiron Dawa zuwa Kumfa: Kimiyyar da ke Cikin Tukunyar Burukutu da Gorar Kunun Zaƙi

Duk wanda ya taɓa sayen kunun zaƙi da rana a kasuwar Sabon Gari ko a bakin titin Fagge, ya manta da shi a cikin gorar roba har zuwa washegari, ya san abin da zai tarar. Gorar za ta kumbura ta yi tauri, in an murɗa murfin a ji ta huci, kumfa ya taso, zaƙin jiya kuma ya ragu, tsami ya maye gurbinsa. A gida sai a ce kunun ya lalace, a zubar. Mai nazarin halittu kuwa abin da yake gani shi ne wasu ƙananan halittu, waɗanda ido ba ya iya gani, sun kwana suna cin abinci. Aikin da suka yi a cikin wannan gora shi ne ainihin aikin da suke yi a tukunyar mai dafa burukutu, da kwanon mai kwaɓa burodi, da manyan tankunan kamfanonin giya na Legas da Kaduna.

Hukuncin barasa a Musulunci sananne ne, kuma dokar Jihar Kano ta hana sayar da ita da shan ta. Wannan maƙala ba ta koyar da sana'ar giya. Amma darasin yis da inzayim yana cikin manhajar nazarin halittu ta sakandare, ana kuma koyar da shi da misalan inabi da sha'ir, waɗanda yawancin ɗalibanmu ba su taɓa ganin gonarsu ba, alhali misali mafi kyau yana nan cikin dawa da geron da ake saukewa kullum a Dawanau.

Tsohuwar sana'a a sabuwar unguwa

Dafa giya ya girmi Sabon Gari nesa ba kusa ba. Tsohon littafin nan na tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya lissafa manyan mutanen da ke zaune a gindin Dala kafin zuwan Bagauda, kowa da sana'arsa: akwai maƙeri, akwai mai magani, akwai mai gadin gari da dare, akwai kuma Bugazau, mai dafa giya. Da Musulunci ya kafu sai sana'ar ta ja da baya, ta saura a hannun Maguzawa da sauran al'ummomin da ba Musulmi ba.

Sabon Gari kuwa an kafa shi ne wajen 1913, bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta sa Turawan mulkin mallaka suka ɗauki Arewacin Nijeriya a matsayin yankin da ba a sayar wa 'yan ƙasa barasar da ake shigowa da ita daga Turai, sai dai unguwannin baƙi sun kasance da wani matsayi na daban. Wannan bambanci ya daɗe. Ko bayan da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a shekarar 2000, Sabon Gari ne wurin da aka fi alaƙantawa da mashaya. A watan Nuwamba na 2013 hukumar Hisba ta fasa kwalaben giya kimanin 240,000 a bainar jama'a, ta kuma zubar da burukutu fiye da lita 8,000. Adadi na biyun shi ne abin lura a nan, don yana nuna cewa giyar tukunya ba ta ɓace ba duk da zuwan ta kwalba.

A ƙasashen Turai da Amurka kuwa ƙafa aka juya. Bayan da manyan kamfanoni suka mamaye kasuwa, sai wasu suka koma ga giyar ƙananan masu sana'a da wadda mutum ke haɗawa a ɗakin girkinsa. Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta yin giya a gida a Amurka a 1978, daga nan ƙananan masana'antu suka yaɗu har suka kai dubbai. Yayin ya iso Nijeriya, inda wani ƙaramin kamfani mai suna Bature ya fara a Abuja kafin ya kafu a Legas. Abin da waɗannan mutane ke alfahari da shi, wato ƙaramar tukunya da hatsin gida da ɗanɗanon da ya bambanta daga hannu zuwa hannu, shi ne abin da matan da ke dafa burukutu da fito suke yi tun kaka da kakanni, ba tare da ma'aunin zafi ko littafi ba.

Me ya sa sai an yi tsiro?

Ƙwayar dawa rumbu ce. Kusan kashi 70 cikin ɗari na nauyinta sitaci ne, wanda uwar shuka ta tanada domin ɗan tsiron da ke kwance a gefen ƙwayar. Sitaci doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin sukarin gulukos, ɗaruruwa ko dubbai a haɗe. Yis ba ya iya cin wannan sarƙa, ta yi masa girma, haka ma harshen ɗan Adam ba ya jin zaƙinta. Dole a sami abin da zai yayyanka ta.

Ƙwayar da kanta tana da almakashin. In aka jiƙa dawa kwana ɗaya ko biyu, aka baza ta a inuwa, aka lulluɓe ana yayyafa mata ruwa, sai ɗan tsiron ya farka, ya fara samar da wasu sinadarai da ake kira inzayim. Biyu daga cikinsu su ne jigon wannan labari. Alfa-amiles yana sarar sarƙar sitaci a tsakiya, ko'ina ya samu, shi ya sa kauri ke tsinkewa. Bita-amiles kuwa daga bakin sarƙar yake bi, yana gutsuro gulukos bibbiyu, wato sukarin da ake kira maltos, shi ne mai kawo zaƙi. Bayan kwana huɗu ko biyar sai a shanya tsiron a rana, domin a tsayar da shukar kafin ta cinye abincin da ake so a ƙwace mata. Wanda ya tauna busasshen tsiro zai ji ɗan zaƙi-zaƙi da babu shi a ɗanyar dawa.

A nan ne dawa ke da wata matsala da sha'ir ba shi da ita, kuma a ganina a nan ne gwanintar masu dafa giya na ƙasarmu ta fi fitowa. Inzayim ba ya iya taɓa sitaci sosai sai ƙwayoyin sitacin sun sha ruwan zafi sun kumbura sun fashe, kamar yadda koko ke yin kauri in an zuba tafasasshen ruwa a kan gasara. Sitacin sha'ir yana yin haka a wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, zafin da inzayim ke jin daɗin aiki a cikinsa. Saboda haka Bajamushe zai zuba komai a tukunya ɗaya, ya ɗumama, aiki ya tafi daidai. Sitacin dawa kuwa ba ya nuna sai zafi ya kai digiri 70 ko ya haura, alhali a wannan zafi bita-amiles ya riga ya mutu, ga shi kuma dama dawa ba ta da shi da yawa. Ma'ana, in aka dafa sosai an kashe almakashin, in ba a dafa ba almakashin ba zai sami abin yanka ba.

Dubi yadda aka warware wannan. Mai dafa giya takan dama garin tsiro da ruwan sanyi, ta bar shi ya kwanta. Inzayim yana narkewa a ruwa, sitaci ba ya narkewa, don haka ruwan da ya taso sama yana ɗauke da almakashin, abin da ya kwanta a ƙasa kuma shi ne sitacin. Sai ta tsiyaye ruwan saman ta ajiye a gefe, ta dafa na ƙasan shi kaɗai har ya yi kauri, ta bari ya ɗan huce, sannan ta mayar da ruwan da ta ajiye. Nan take kaurin zai fara sakewa, zaƙi ya fara fitowa. Wannan dabara ana samun ta daga Arewacin Nijeriya har Arewacin Gana da Burkina Faso, inda ake kiran giyar dawa dolo. Matan da suka gano ta ba su taɓa jin kalmar inzayim ba, sun dai lura, sun gwada, sun koya wa 'ya'yansu.

Yanzu mai karatu ya tuna yadda ake kunun zaƙi a gidansu. Ana raba ƙullun gida biyu. Kaso mai yawa a sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri, ƙaramin kason kuma a bar shi ɗanye, a haɗa shi da niƙaƙƙen busasshen dankali ko tsiron shinkafa, da citta da kanumfari. Sai wancan ya huce ake zuba wannan, a rufe a bar shi ya kwana. Dankalin Hausa cike yake da bita-amiles, shi ya sa ma gasasshen dankali ya fi ɗanye zaƙi. Ashe dabara ɗaya ce a tukwanen biyu. Yarinyar da ta yi garaje ta zuba ɗanyen ƙullun tun kunun yana tururi, ta kuma wayi gari da kunu mai kauri marar zaƙi, ta yi gwajin da ke nuna cewa zafi yana lalata inzayim, ko da yake faɗa za ta sha a kansa maimakon maki.

Masu cin sukarin

Da zarar sukari ya samu a cikin ruwa mai ɗumi, baƙi za su iso. Na farko su ne bakteriya masu samar da asid ɗin laktik, irin su dangin Lactobacillus, waɗanda ke manne a jikin hatsi da tukunya da ƙwarya. Su ne masu sa nono ya yi tsami, su ne kuma ke ba koko da kamu da masa ɗanɗanonsu. Tsamin nan kariya ce, domin yawancin ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa ba sa iya hayayyafa in ma'aunin tsami na pH ya sauko ƙasa da 4.5. Na burukutu yakan sauko ƙasa da 4.

Na biyu shi ne yis, musamman Saccharomyces cerevisiae, wanda ɗan uwan naman kaza da fumfuna ne, sai dai ƙwayar halitta ɗaya tak gare shi. Sai an jera fiye da ɗari kafin su cika milimita ɗaya. Yana hayayyafa ta hanyar fitar da ɗan ƙullutu a gefensa, in kuma ya sami abinci da ɗumi yakan ninka yawansa cikin kimanin awa biyu. Idan sukari ya yi yawa ko iskar oksijin ta yi ƙaranci, yis ba ya ƙone sukarin har ƙarshe, sai ya raba kowace ƙwayar gulukos zuwa ƙwaya biyu na barasa, wato itanol, da ƙwaya biyu na iskar kabon-dayoksaid. A lissafin aji, giram 180 na gulukos yana ba da giram 92 na itanol da giram 88 na iskar. Mai burodi iskar yake so, barasar ta ƙone a tanda. Mai giya barasar take so, iskar ta fice a kumfa. Shi kuwa yis duka biyun shara ne a wurinsa, ɗan ƙarfin da ya samu a tsakani shi ne ribarsa, kuma in barasar ta kai wajen kashi 14 ko 15 cikin ɗari ita ce ke kashe shi.

An daɗe ana gardama kafin a yarda da wannan bayani. Antonie van Leeuwenhoek ya ga yis a madubinsa na ƙara girma a 1680, bai kuwa san mai rai ba ne. Louis Pasteur na Faransa ne ya nuna, daga 1857, cewa rayayyun halittu ke wannan aiki, kuma kowane irin tsami da mai haddasa shi. A 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken kamfanin Carlsberg da ke Danmak, ya ware yis iri ɗaya zalla ya raine shi. A 1897 Eduard Buchner ya niƙe yis ya tace, ya ga ruwan da babu rayayyar ƙwaya a cikinsa yana mai da sukari barasa, wato inzayim ne a cikin yis ɗin ke aikin. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1907.

To, ina bambancin burukutu da kunun zaƙi yake, tunda hatsi ɗaya ne, inzayim ɗaya, bakteriya ɗaya? Mai burukutu takan sake tafasa ruwan zaƙin na tsawon sa'o'i don sukarin ya tattaru, ta bari ya huce, ta zuba ragowar giyar da ta gabata, wadda ke cike da yis, ta ba shi kwana ɗaya ko biyu. Sakamakon shi ne abin sha mai duhu da kauri da tsami, wanda barasarsa takan kama daga kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari. Mai kunu ba ta zuba yis, tana kuma sayarwa a ranar. Amma yis yana nan a iska da mazubi da hannu, jira kawai yake. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 ga kuma rashin wutar da za ta riƙe firiji, jiran ba ya da tsawo. Gorar da ta huci shaida ce cewa iska ta taru, kuma ko da yake wasu bakteriya ma suna fitar da iska, galibi akwai hannun yis a ciki, inda yis ya ci sukari kuwa ya bar barasa, komai ƙanƙantarta. Malaman hadisi sun ruwaito cewa jiƙon dabino ko zabibi da ake yi wa Annabi (SAW) ba a barinsa ya wuce kwana uku. Hukuncin kunun da ya kwana na malaman fiƙihu ne. Abin da nazarin halittu zai iya cewa shi ne, yawan kwana da yawan zafi su ne ke tura abin sha daga wannan gefe zuwa wancan.

In aka ƙara barinsa a buɗe, baƙo na uku zai zo, wato bakteriyar Acetobacter, wadda ke amfani da oksijin ta mai da barasa asid ɗin asetik, ruwan khal ke nan. Shi ya sa burukutu ba ya ajiyuwa, ba ya kuma tafiya nesa.

Haɗarin da ke cikin tukunya

Illar barasa ga hanta da ƙwaƙwalwa da aljihu da iyali ba ta bukatar dogon bayani. Akwai wasu haɗurran da ba a cika magana a kansu ba, wasunsu kuma sun shafi mai kunu kamar yadda suka shafi mai giya.

Makiyaya sun san cewa gyauron dawa yana iya kashe akuya ko saniya. Dalili shi ne ƙaramar shukar dawa tana ƙera wani sinadari mai suna durin, wanda ke sakin gubar sayanayid in an tauna shi. Tsiron dawa yana da shi, musamman a saiwa da ɗan kan da ya fito. Murje saiwoyin bayan shanya da kuma tafasawa sosai suna rage shi ƙwarai, don gubar tana bin tururi. Saboda haka bai kamata a ba yara ɗanyen tsiron dawa su ci ba, ko a aji ko a gida.

Wanda ya fi wannan tsanani shi ne fumfuna. Damshi da ɗumin da tsiro ke bukata su ne kuma Aspergillus flavus ke so, ita ce mai fitar da gubar afalatoksin, wadda aka gano bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960. Gubar tana haddasa ciwon dajin hanta, kuma tafasawa irin ta girki ba ta kawar da ita. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Abin takaici, hatsin da ya yi fumfuna shi ne mai araha a kasuwa, kuma wasu suna ganin tunda niƙawa za a yi a dama, ba wanda zai gane. Harshe ba zai gane ba, hanta ce za ta gane bayan shekaru.

Sai mazubi. Da ana dafa giya a tukwanen ƙasa, yanzu durom na ƙarfe ya yawaita. Ruwa mai tsami yana cin ƙarfe, kuma tun 1929 likitoci a Afirka ta Kudu suka bayyana cutar taruwar sinadarin ƙarfe a hantar masu shan giyar da aka dafa a irin wannan mazubi. Durom ɗin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko fenti a ciki kuwa, wannan wata musiba ce daban.

Mafi saurin kisa shi ne metanol, ƙanin itanol mai ƙwayar kabon ɗaya. Burukutu ba ya tara shi da yawa, matsalar tana wajen barasa mai ƙarfi irin ogogoro, wadda wasu ke gauraya ta da sinadarin masana'antu don ta ƙara auki. Hanta tana mai da metanol asid ɗin fomik, wanda ke lalata jijiyar gani. Abin da bai kai cokali ɗaya na cin abinci ba yana iya makantar da mutum. A 2015 mutane da dama sun mutu ta wannan hanya a Ode-Irele ta Jihar Ondo, sannan wasu gommai a Jihar Ribas.

Yadda dawa ta shiga masana'anta

A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Kamfanonin da injinansu da ma'aikatansu duk a kan sha'ir aka gina su sai suka wayi gari ba su da abin aiki in ba dawa da masara ba. Nan suka ci karo da matsalar zafin sitaci da muka bayyana, mafitar da suka samu kuma ba ta yi nisa da ta matan karkara ba: ko dai a ware ruwan inzayim a dafa sitaci daban, ko a sayo inzayim mai jure zafi da ake samu daga bakteriya. Irin dawa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta inganta, kamar SK5912, ya sami kasuwa. An ma yi bincike a jami'o'inmu kan ko shuwaka da namijin goro za su iya maye gurbin hop, furen da Turawa ke sa wa giya don ɗaci. An sassauta hanin daga baya, amma dawa ta zauna. Lemon malt marar barasa da ake rabawa a bikin aure da walimar sauka, da garin abin sha na yara, da wasu nau'o'in biskit, da yawansu akwai tsiron dawa a ciki. Ɗalibin da ya fahimci amiles yana da wurin aiki a nan ba tare da ya kusanci giya ba.

Malamin da ba shi da kayan aiki masu tsada yana iya nuna duk wannan da abin da ke cikin kasuwa. A dama koko marar tsami, a bari ya huce har yatsa ya iya jurewa, a raba shi kofi uku. Na farko a bar shi haka. Na biyu a zuba masa tataccen ruwan niƙaƙƙen tsiron gero ko na ɗanyen dankali. Na uku a zuba masa irin wannan ruwa, amma wanda aka riga aka tafasa. Bayan kowane minti goma a ɗebi ɗigo daga kowane kofi a sa masa aidin, wanda ke komawa shuɗi mai duhu in ya haɗu da sitaci. Na tsiron gero zai tsinke, launinsa ya riƙa dusashewa, na farko da na uku kuwa su tsaya yadda suke. Na dankali ya fi jinkirin sauya launi, tunda daga bakin sarƙa yake ci, kuma wannan ma abin tambaya ne mai kyau ga aji. Don ganin aikin yis, a zuba ruwan ɗumi da cokali biyu na sukari da rabin cokali na yis ɗin burodi a kwalba, a ɗaura balan-balan a bakinta, a ajiye ɗaya a rana, ɗaya a gindin randa. Ɗalibai su riƙa auna faɗin balan-balan ɗin da zare duk bayan minti goma sha biyar, su zana jadawali, in an tashi kuma a zubar da abin da ke cikin kwalaben a wanke su.